A Kan Dutse Ba a Cewa "Ba Gajiya"

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ɗakinki da ɗumi, tukunyarki da miya, mutanen Utah kuma suna riƙe ki da mutunci. Allah ya tsare min ke a kwance da a tsaye, a asibitin da kika kama aiki da kan hanyar zuwansa. Mamanki tana gaishe ki. Ƙannenki ma suna gaisuwa, ko da yake tun jirginki bai tashi ba suka gama rabon ɗakinki. Kafin ki sa manyan takalman nan naki na zamiya, ki zazzage na hagu. Ba zan faɗi abin da ke ciki ba. Na roba ne dai, ba ya cizo.

Kin ga matsalata ke nan. Ko gaisuwa ban gama ba na fara hali. Shi ya sa na ajiye waya na ɗauki biro. Duk maganar da na yi miki da baki, sai ki tsaya kina kallon gefen bakina kina jiran inda dariya za ta ɓullo, kuma ban ga laifinki ba. Uban da aka sha tambayar ki a makaranta ko yayanki ne, uban da ya taɓa cika miki gwangwanin sukari da gishiri, ba shi da bakin cewa a ɗauke shi da gaske. To takarda ba ta da gefen baki. Bokona a jikin allunan talla da takardun mota na tsince shi, ke kuma Hausarki har yanzu rarrafe take yi, sai mu lallaɓa juna. Inda kika maƙale ki kira Mamanki.

Abin da ya zaunar da ni rubutu magana ɗaya ce da kika yi a waya ranar Juma'a. Kin ce abokan aikinki suna shirin fita bayan igiya idan sanyi ya kankama, kuma sun gayyace ki. Na tambaye ki ko kin san wurin. Kika ce min da Turancinki, "Baba, sun fi ni sani, ni bin su kawai zan yi." Na yi dariya, na ce ki gaishe min da dutsen. Da na kashe waya sai na zauna a cikin janwe a bakin Gate City Boulevard, ana ta kira na in zo in ja wata mota, na kasa murza makulli.

Bari in fayyace, don na san sai Mamanki ta karanta kafin in liƙe ambulan. Wurin zamiyar da muka saba zuwa, inda ake sayen tikiti, kamar gona ce mai shinge. Kujera tana ɗaukan mutum zuwa sama, mota ta riga ta bi ta daddale ƙanƙarar, ma'aikata suna zagaye, an kuma ja igiya a bakin iyaka. Bayan igiyar kuwa dutse ne yadda Allah ya bar shi. Babu kujera, da ƙafarka za ka hau. Babu wanda ya gwada maka ƙasa. In abu ya faru, mutanen da ka fita da su su ne asibitinka.

Ba hana ki zan yi ba. Ni na fara ɗaura miki alluna a ƙafa, dogayen katakan nan biyu da har yau ban yarda in kira su da sunan Turawa ba. Kuma in faɗa miki gaskiya, har ɗan kishinki nake, don akwai abubuwa a can da nake son sani. Abin da zan yi shi ne in shimfiɗa miki wautar da na tafka a kan ƙanƙara, ki duba ki tsallake.

Kin san Baba Gari. Sunansa Gary, Isufu abokina na Maraɗi ne ya mayar da shi Gari, ya kuma bi shi. Na san shi a wata shekara da ɗan farin abu ya sauka a Greensboro, irin wanda bai rufe ko tafin takalmi ba amma ya sa gari kaf ya ruga kanti sayen burodi da madara. Ni ranar kasuwata ta buɗe, sai jan motoci nake daga kwata. A wajen Irving Park na tarar da wani dattijo, tsohon likitan haƙori, motarsa ta yi sujada a cikin rami, a kan rufinta an ɗaure wasu katako biyu. Na ce masa, "Wannan fa? Allon makarantarmu ne aka ja shi ya yi tsawo?" Bai gane ba, na yi masa bayani, ya yi dariya har da buga mota. Ya ce in ina son ganin aikinsu in bi shi dutse, can bayan garin Boone.

Na ɗauki Isufu muka tafi. A hanya na ce masa ai ni tsohon hannu ne.

"A ina ka koya?"

"Goron Dutse."

"Mon frère, ɗan'uwana, ka ji tsoron Allah."

Baba Gari ya ce mu fara daga gangaren yara. Na duba na ga jarirai masu majina suna bin malama a layi, na ce ni da gemuna? Na ja Isufu muka hau kujerar da ke zuwa can ƙololuwa. Hawa daɗi, ƙafa tana lilo, kana kallon kan itatuwa. Sai da na sauka na tuna ba wanda ya nuna min yadda ake tsayawa. Ƙanƙarar ranar kuwa ta daskare kamar farantin tangaran. Na tafi kamar motar da burkinta ya tsinke, ina karanto duk surar da ta zo bakina, wata ma daga tsakiya na kama ta, har Allah ya haɗa ni da wata raga mai ruwan lemo na shige ciki kamar kifi. Isufu da ɗuwawu ya sauko, allunansa a rungume, yana ta ihun "Doucement! Doucement!" wai a hankali, ban san wa yake gaya wa ba.

Uwata, Malaminmu bai taɓa rubuta wa yaro Baƙara a allo ba alhali bai gama babbaƙu ba. Na san kin iya. Na ga yadda kike yanka gangaren nan namu kamar mai yanka alawa. Amma abu ɗaya kika iya karantawa, ƙanƙarar inji da aka daddale. Ki ba wa sanyin bana haƙƙinsa a cikin igiya. Ranar da kowa ya ce yau ƙanƙara ba kyau, ranar za ki fita, don irin ta za ki tarar a baya. Sannan akwai ajin da ake koyar da sanin zaftarewar ƙanƙara, ana fita da mutum dutse a nuna masa da hannu. Ki shiga kafin ki tsallaka igiyar kowa. In kin je ki zauna a gaba, ki yi tambaya har su gaji da ke.

Mu a wajenmu kalma ɗaya ce. Wadda ake saya a leda da azumi ƙanƙara, wadda ke faɗowa da damina ta fasa kwano ƙanƙara, wannan farar ma muka ce dusar ƙanƙara muka huta. Da wannan kalma ɗaya na tafi Colorado, shekarar da Baba Gari ya ga ƙafata ta zauna ya ce in zo mu je gidan ƙaninsa mu gwada hawa da ƙafa. A can na gane abin ya fi shinkafa iri-iri. Akwai mai laushi kamar garin alkama, ka ɗiba a tafi ka hura ta tashi. Akwai mai ɓawo kamar ƙanzon tukunya, sama tauri ƙasa taushi, ta bar ka ka hau sannan ta fashe ta riƙe maka allo. Akwai wadda rana ta dafa ta yi nauyi kamar tuwon da ya kwana. Akwai wadda iska ta tara a bayan tudu ta danne, sumul kamar sabulu, kyakkyawa, kuma ita ce ba a yarda da ita.

Baba Gari ya haƙa rami da shebur har ya kai ƙugunsa, ya share bangon ramin da safar hannu, ya ce in duba. Wallahi layi-layi ne. Kowace saukar ƙanƙara da nata layin, ranar da aka yi iska ga ta, ranar da rana ta buɗe ga ta. Dutse rubutu yake yi, sai dai shi ba ya wanke allonsa. Can ƙasa ya zura hannu ya ɗebo wata kamar sukari, ka dunƙula ta ƙi dunƙuluwa. Ya ce wannan ce mai kashe mutane. Ki ɗauka an zubar da gero a kan siminti mai gangare, aka shimfiɗa tabarma a kai, ke kuma kika zo kika taka. Tabarmar ba ta da laifi a ido. Ita da ke za ku tafi gaba ɗaya.

Na tambaye shi me ke mayar da ta ƙasa sukari. Ya yi min bayanin ɗumin ƙasa da sanyin sama, na kama rabi rabi ya zube. Ke da kika yi karatu, ki bincika ki fassara min da Hausa. Ina kuma son sanin ko gaskiya ne babu ƙwaya biyu masu kama ɗaya, da wanda ya zauna ya duba.

Abin da ya fi burge ni shi ne fatar hawa. Wani ƙyalle ne mai gashi da ake mannawa a ƙarƙashin allo. Ka tura ƙafa gaba ya sulale, ka so zamewa baya ya cije. Ina shafa shi na tuna buzun Malam. In ka shafa shi ta inda gashin ya kwanta, santsi. In ka juyo, ya tashi ya tokare maka hannu. Na shekara nawa ina kaɗe buzun nan, ban taɓa tunanin za a hau dutse da shi ba. Dunduniyarka a sake take, kana jan ƙafa kamar mai silifas, ba ɗagawa ake yi ba. In an kai sama a ɓare fatar, a ninke ta a sa a ƙirji don kada ta daskare, a kulle dunduniya, a sauko. Ki yi alwala tun a gida, don cire takalman nan a kan dutse aiki ne na mutum biyu. Kuma kada ki fara hawa da rigar da ta ɗumama ki a mota. Ni na yi, na jiƙe sharkaf da gumi, da muka tsaya gumin ya koma ƙanƙara a bayana.

Abu uku ba a fita sai da su: shebur, da doguwar sanda mai naɗewa ta soka ƙanƙara, da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a ƙirji. Ita kullum kira take yi a ɓoye. In ƙanƙara ta binne mutum, sauran sai su juya tasu ta koma saurare, ta ja su har kansa. Baba Gari ya sa na yi ta gwaji, ya binne jaka in nemo, ya sake binnewa in sake nemowa, har na gundura. To kin san ubanki in ya gundura. Da muka shiga cikin itatuwa, ya yi gaba kaɗan, sai na faɗa bayan wani kututture na kwanta, na ja ƙanƙara na rufe ƙafafuna, na yi tsit. Ya kira, na ƙi amsawa. Ina leƙensa ta ƙasan reshe, dariya tana cina.

Sai na ga fuskarsa. Ban taɓa ganin Bature ya ƙara fari ba sai ranar. Ya ciro na'urar, yana juyawa yana kiran "Sadi! Sadi!" da wata murya da ba tasa ba. Da na miƙe ina cewa ga ni, bai zage ni ba. Da ma ya zaga. Ya mayar da na'urar cikin riga, ya ce mu koma mota.

Ke ma kina da wannan jinin, kada ki musa, ke kika ɗinke wa ƙaninki ƙafar wando. Wasa yana da gida. A mota ki yi, a wajen cin abinci ki yi. Daga inda aka kunna na'urar ƙirji aka gwada ta kowa, an rufe kasuwar wasa sai an dawo. Muryarki a can kayan aiki ce kamar shebur. In kika ce wayyo, dole ya zama wayyo ne.

Yanzu na zo kan abin da ya hana ni murza makulli.

Washegari Baba Gari ya huce, ya ce mu sake fita. An kwana ana zuba sabuwa, da iska. Muka fara hawa, shi a gaba yana fasa hanya, ni a baya da 'yar tazara kamar yadda ya koya min. Iskar can sama ba ta cika ƙirji, kana ja kamar ta bakin ƙaramar kwalba. Ba a jima ba cinyoyina suka fara rawa. Ya waiwayo ya ce, "Sadi, ka gaji?"

Me kike tsammani na ce? Abin da bakina ya saba faɗa tun ina yaro. Ba gajiya.

Ki lura da kyau a nan. In Bahaushe ya ce maka ya gajiya, ka ce ba gajiya, ku duka kun san ba labari aka bayar ba. Gaisuwa ce. Ko daga Legas ka zo a bayan tirela, ba gajiya. Ko a gadon asibiti kake, da sauƙi. Shi kuwa Baba Gari ba gaishe ni yake ba. Tambaya yake yi, irin wadda makanike ke yi in ya ce akwai mai a tanki? Na ce akwai, ya yarda, ya ƙara wuta.

Muna cikin tafiya sai na ji wani sauti a ƙarƙashina. Wum. Ba mai ƙarfi ba, kamar an buga babbar ganga a cikin ɗaki an rufe ƙofa. Ƙasa ta ɗan nutsa da ni kamar katifa. Daga bakin allona wata tsaga ta tafi a guje, siririya, irin ta gilashin mota in tsakuwa ta same shi. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Na tsaya ina kallo, tambaya ta cika min baki. Sai na tuna jiya na ɓata wa mutumin nan rai. Ga shi ya girme ni, ya kusa haifata. A gidan ƙaninsa nake kwana, abincinsu nake ci. Shi ya san dutse tun ban san akwai shi ba. In abin damuwa ne ai da ya faɗa. Wa ya aike ni in tsayar da dattijo in ce ban yarda da hanyarsa ba?

Ya sake waiwayowa. "Komai lafiya?"

"Lafiya lau."

Muka ci gaba har itatuwa suka fara ƙarewa. A samanmu ga wani fili fari fat, a miƙe, ba ko sawun tsuntsu, irin wanda ake sawa a hoto. Shi muka zo hawa. Baba Gari ya tsaya, ya je kan wani ɗan tudu a gefe ya yi tsalle a kai. Tudun ya tsage, wani yanki kamar ƙyauren ɗaki ya sulale ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Ka ji wani abu a hanya?"

Na ce, "E, tun can cikin itatuwa. Ba sau ɗaya ba ma. Har tsagewa ta yi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ga kai ne babba."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Sadi, dutsen nan bai san ni ne babba ba. Ni ina gaba, iska tana kunnena, ban ji komai ba. Ai don idona da kunnena ba su isa ba na zo da kai."

Muka ɓare fata muka juya ta inda muka fito. A nan "ba gajiya" ta zo karɓar haƙƙinta. Ƙafafuna sun riga sun ƙare tun a hawa, ga ƙanƙara mai ɓawo, allon dama ya nutse ya tsaya, ni na wuce. Gwiwata ta yi wata ƙara. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba ta cinye mana yini, ina rataye a kafaɗar tsoho mai jikoki. Gwiwar da kike ganin ina miƙewa a gefe in na zauna tahiya, ita ce. Na ce muku a ƙwallo na samu. Wace ƙwallo?

Ban sani ba ko da mun shiga filin nan da ya taho da mu. Wataƙila da mun hau mun sauko muna dariya. Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne dutse ya yi min magana da babbar murya, ni kuma na yi masa kara.

To ke fa, Uwata? Mu muka rene ki, na san abin da muka zuba. Ke ce kika cinye farfesun Anti Balaraba hawaye yana zuba saboda yaji, tana tambaya kina cewa ya yi daɗi. Ke ce kika ƙone a hannu ranar sunan ƙanwarki kika ɓoye a mayafi har aka watse. A masallaci ana cewa 'yar Sadisu ba ta musu da manya, ba ta ɗaga ido, ni kuma ina kumbura kamar an hura ni. Ban yi nadama ba. Tarbiyya ce mai kyau, za ta yi miki rana a wurare da yawa. Amma ki cire ta ki bar ta a mota tare da takalmin gida.

In kin gaji ki ce kin gaji, tun da sauran ƙarfi a ƙafarki, don saukowa ma aiki ce. In yatsunki sun mutu ki faɗa. In kika ji wum, ko kika ga tsaga, ko kika hango inda wani gangare ya riga ya zafte, ki ɗaga murya ko da ke ce sabuwa, ko da wanda ke gaba shi ne shugabanki a asibiti. In ma ba ki ga komai ba, cikinki ne kawai bai kwanta ba, wannan ma magana ce. Rahoton dutse da ake fitarwa kowace safiya ki karanta da idonki, kada ki bari a karanta miki. Ki bar wa wani a gari sunan inda za ku da lokacin da za a fara neman ku.

Su kuma abokan nan naki, ga wata dabara, kyauta daga tsohon makiri. Wata rana a wuri mai sauƙi, a cikin igiya, ki tsaya ki ce, "Ni ban yarda da wannan gangaren ba." Sai ki kalli fuskokinsu. Wanda ya tsaya ya ce me kika gani, ki bi shi ko'ina. Wanda ya yi dariya ya ce haba, taho kawai, ki ci abinci da shi, ki yi aiki da shi, amma kada ki tsallaka igiya da shi. Wannan wasa ɗaya na yarje miki. Juyowa daga rabin hanya kuma ba abin kunya ba ne. Dutsen yana nan, ba ya zuwa ko'ina. Ki yi addu'arki kafin ki fita, ki kuma duba batirin na'urarki, duka biyun.

Saura ɗaya, ita ce ta fi min wuya.

Kina 'yar ƙarama, da jar hularki mai tuntu, muka je bayan Boone ni da ke da Isufu. Hazo ya sauko, na waiga ban gan ki ba. Na zagaya, na kira Uwata har muryata ta dushe. Muka ruga ofishin ma'aikata. Wata mata ta jawo abin magana ta ce, "Yaya sunanta? Zan kira a lasifika."

Na buɗe baki, ya ƙi fita. Sunan mahaifiyata ne. Ban taɓa faɗarsa ba tun da aka haife ni, ga ki kuma 'yar fari. Na juya na ce wa Isufu, "Gaya mata."

Ya ce, "Ni ina na sani? Kai Uwata, matarka Ummi, mu ma Ummi muke cewa! Faɗi mana, mahaukaci, yarinya ta ɓata!"

Matar tana kallonmu, manyan maza biyu suna faɗa da wani yare a kan sunan 'yarsu. Na tsaya laluben walat da daskararrun yatsu, katuna suna zubewa a ƙasa, har na samo katinki na asibiti na tura mata. Ta karanta ta kira. Na ji sunan tsohuwata yana amsa-kuwwa a kan dutsen Amurka. Ashe kina ɗakin hutawa na gindin dutse, wata ma'aikaciya ta ba ki koko mai zafi, har kin yi gashin baki da shi. Isufu har yau in ya so tsokanata sai ya ce, "Monsieur, yaya sunanta?"

Muna dariya yanzu. Amma da a bayan igiya ne, da numfashin da na ɓata ina laluben walat naki ne.

Don haka ba zan ce ki ajiye taki kunyar ni ina rungume da tawa ba. Bari in fara. A filin jirgi kin dube ni kin ce, "Baba, lafiya?" na ce lafiya lau, na ja miki mayafi ya rufe miki ido don kada ki ga nawa. Waccan gaisuwa ce. Ga amsar.

Hajara, ina jin tsoro.

To, na rubuta. Rufin ɗaki bai faɗo ba. Mamanki in ta zo nan a karatu za ta rufe baki ta ce na lalace, ki rabu da ita. Ina jin tsoro, kuma duk da haka ina so ki je ki gano min abin da ban ƙarasa gani ba. Ki hau da buzunki, ki leƙa ramin, ki karanta abin da dutse ya rubuta, ki dawo ki ba ni labari.

Allah ya sa ki a cikin tsarinsa, ya kiyaye gabanki da bayanki, da abin da ke samanki da abin da ke ƙarƙashin ƙafarki. Ya haɗa ki da abokan tafiya masu jin magana. Ya buɗe miki baki a inda shiru yake cuta. Ya dawo min da ke da ƙafafunki biyu, gwiwoyinki sun fi nawa. Amin.

Duk ranar da kika sauko, kafin ki cire takalmi, ki kira ni. Zan ce miki ya gajiya. Ba gaishe ki nake ba.

Babanki,
Sadisu